Bikon Maccido Mai Majigi

Maccido bai iya zama ba. In aka shimfiɗa masa tabarma, a gefenta yake ɗosanawa, takalmansa kusa da hannu, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. A Lafani aka haife shi, ya taso a Illela wajen kawunsa mai jakuna, kuma tun yana saurayi ya san hanyar Konni da ta Tawa fiye da yadda ya san lungunan unguwarsu. Yana cikin 'yan dakon da suka ɗauki akwatunan Turawan da suka zo shata iyaka, na Ingilishi da na Faransi, suna tara duwatsu a tsakiyar gonakin bayin Allah suna cewa nan wata ƙasa ta ƙare, can wata ta fara. A wannan aikin ya tsinci Faransancin da ya isa mutum ya nemi abinci ya kuma kauce wa bulala. Daga nan sai ya koma bin jakuna, albasa ta tafi arewa, kanwa da gishiri su yo kudu. In ya kwana uku a gida, ranar ta huɗu za ka gan shi yana zagaya turke yana duba kofatan jakunan da lafiyarsu lau.

Matarsa Lubabatu 'yar Konni ce, doguwa, marar yawan magana. Yana sonta, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Sai dai irin son nan ne na mutumin da yake tuna ka a kasuwar wani gari, ya saya maka zobe, amma in ya zauna kusa da kai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Shekara goma sha ɗaya tana haƙuri da shi a haka.

Sai agana ta shigo Illela. 'Yarsu ɗaya tilo, Jamilatu, tana da shekara shida, ta kwanta ranar Litinin, aka kai ta ranar Asabar. Maccido yana can wajen Tawa, kuma bai gaya wa kowa inda ya nufa ba, don shi kansa sai ya fita yake sani. Ya dawo kwana biyu bayan sadakar arba'in, yana murna, ya ciro wasu 'yan takalma jajaye daga jaka tun kafin ya gama sallama. Lubabatu ta karɓa, ta duba ɗinkin, ta ajiye. Ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta zage shi ba, wanda da ta yi da ya fi masa sauƙi. Washegari ta haɗa ƙoranta ta tafi Konni gidan yayanta Attahiru, baduku.

Sau biyu Maccido yana zuwa biko. A na biyun Attahiru ya ajiye fatar da yake ɗinki ya ce masa, "Ba ta ce ka sake ta ba, ba ta kuma ce tana komawa ba. Abin da tac ce guda na: ba ta zaman gidan da maigida baƙo na. Ka zamna wuri guda mu gani."

Maccido ya ce, "Har yaushe, Yaya?"

"Ka gani ko? Ba ka hwara ba kana tambayar ƙarshe."

Ya sayar da jakunansa duka huɗu, ranar kuwa bai ci abinci ba. Ya nemi aikin da zai ɗaure shi a Konni, inda Attahiru zai riƙa ganinsa safe da yamma, don ya san in bai dawo da matar nan gida ba, shi da gida sun yi hannun riga.

A lokacin, shekara ashirin da 'yan kai da zuwan Turawa Sakkwato, akwai wani likitan Faransi a Konni, mutane suna ce masa Lokotoro. Aikinsa yi wa mutane lambar agana, mutane kuwa da sun hango shi sai su haura danga. Da ya gaji da bin su, sai ya fito da wani ɗan inji da ya zo da shi daga ƙasarsu, wanda ake murzawa da hannu, ya ba da haske, hotuna su yi ta motsi a jikin bango. Ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya yarda aka tsaga masa damtse zai kalli majigi ranar Laraba bayan kasuwa ta fara watsewa. Yana bukatar mai murzawa wanda kuma zai yi wa jama'a bayani, don hotunan ba sa magana, rubutun Faransancin da ke fitowa a tsakani kuwa babu mai karanta shi. Maccido ya kai kansa.

A ɗakin ajiyar magani ake yi, bayan la'asar, a toshe tagogi da barguna, mutum arba'in su cushe suna zufa. Murzawar tana da doka. In ka yi sauri mutanen bango su yi ta tsalle kamar fara, in ka sassauta hasken ya dusashe. Sai an riƙe hannu daidai, tun daga farko har ƙarshe. A ce Maccido ne aka ba wannan aiki, ai an so shi da wahala.

Zaren hotunan da Lokotoro ya fi so labarin wani makaɗi ne, wanda ya yafa mayafi kamar mai shirin wanka, yana riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya barkatai. Maciji ya sari amaryarsa ta mutu. Ya bi ta ta wani kogo har ƙarƙashin ƙasa, ya haye kogi a kwalekwale, ya wuce kare mai kai uku, biyu daga ciki ba sa motsi don na tsumma ne, ya yi wa sarkin wurin kiɗa har sarki ya yi hawaye. Aka ba shi matarsa bisa sharaɗi: ya wuce gaba tana biye, kada ya waiwaya sai sun fita. Suna dab da fita ya waiwaya, ta ɓace. Sai ga wani jariri mai fukafukai ya sauko ya taɓa ƙasa, ta sake fitowa, suka rungume juna a gaban wani dutse da ake ganin yana kaɗawa, don a jikin ƙyalle aka zana shi.

Lokotoro ya zaunar da Maccido ya warware masa, rabi da Faransanci, rabi da hannu. Ya ce labarin na mutanen Girka ne, tun kafin Annabi Isa, daga baya Rumawa suka mayar da shi waƙa suka rubuta. A wajensu duka, in ta ɓace ta ɓace ke nan, makaɗin ya ƙare rayuwarsa yana yawo. Jaririn nan mai fukafukai mutanen ƙasarsa ne suka ƙara shi, don a can masu kallo ba sa son su fita suna share hanci. Sun kuma datse labarin ta gaba da ta baya don zaren gajere ne.

Maccido ya ce, "Ashe kowa yaz zo sai shi taɓa."

Ranar farko ya faɗi labarin yadda aka gaya masa. Da ya kai inda miji ya tafi lahira ya ɗauko matacciya, wani malami ya miƙe yana neman tsari, ya yaye bargon ƙofa ya fita, rabin ɗakin suka bi shi. Maccido ya kwana yana juyi. Larabar da ta biyo sai ya zo da nasa. Ya ce yarinyar suma ta yi, danginta suka ɗauke ta suka kai garinsu magani, da ta warke suka hana ta komawa, don mijin makaɗi ne, ba ya zama gida. Sarkin nan mai gemu surukinsa ne. Abin kiɗan gurmi ne irin na Nasara. Karen na maharban garin ne. Jariri mai fukafukai ƙanenta ne aka aiko ya ce wasa ake yi, fukafukan kuwa ya ce a tambayi Lokotoro. A taƙaice dai biko ne aka je, kuma biko babu wanda bai san shi ba a ɗakin nan. Babu wanda ya ƙara fita. Yana faɗa muryarsa na rawa, mutane suka ɗauka gwaninta ce.

Inda jama'a suka ƙi yarda shi ne sharaɗin. Da Maccido ya ce suruki ya hana shi waiwaye, sai ɗaki ya ɗauki dariya. A ƙasar nan ai haka ake tafiya tun fil azal, miji a gaba da sandarsa, mata a baya da kaya, kuma namijin da zai riƙa juyowa yana leƙen matarsa a bainar jama'a ya zama abin nuni. Wani dillalin tumaki na Illela, Boyi, wanda ba ya fashin Laraba ko da an riga an tsaga shi tun makon farko, ya ɗaga murya daga baya.

"Wanga shi na sharaɗi? Ni shekara talatin Altine na biye da ni, ban sani ba ko da ƙahwa take tahiya ko da hannu."

Da makaɗin ya waiwaya kuwa, tsaki ya cika ɗaki. Aka ce mijin-ta-ce ne. Boyi ya ce a daina nuna musu jaririn nan, sakarai bai cancanci a mayar masa ba. Maccido ya bi son jama'a, da ta ɓace sai ya saki hannun inji, ɗaki ya yi duhu. Lokotoro ya yi dariya har da tari, ya ce mutanen Konni sun gyara abin da mutanen ƙasarsa suka ɓata, sun koma ra'ayin tsoffin Girka.

Nan Maccido ya yi wa kansa. Ya ga dariya tana zuwa in ya zagi makaɗin, shi kuwa mutum ne da ba a taɓa yi wa tafi ba, sai ya riƙa ƙara gishiri kowane mako. Yana kwaikwayon wuyansa. Yana cewa, "Ku dube shi, wuya awa na zakara. Riƙe, ɗan'uwa, riƙe, saura taku ukku." Magana ta fita kasuwa. Mahauta da masu albasa in sun gan shi sai su ce, Maccido kada ka waiwaya. Ya ɗaga musu hannu yana jin daɗi.

Sauran kwana shida na mako kuwa azaba ce. Yana wanke kwalabe, yana riƙe damtsen masu ihu, kunnensa na waje. In ayarin jakuna ya tashi da asuba, yana jin kukansu har cikin ƙashinsa, ya fito ya bi su da ido, ya koma. Sai ya zagaya gari sau biyu ba gaira ba dalili. Kullum kuma hanyarsa sai ta bi ta ƙofar Attahiru, ya gaishe shi ya wuce a hankali, yana sauraren daka daga cikin gida, yana raya wa ransa cewa ya gane taɓaryarta a cikin sauran. Ya rame. Yana tsoron ranar da zai farka ya ga ƙafafunsa sun kai shi hanyar Tawa ba da shawararsa ba. Haka ya yi wata biyar.

Wata Talata Attahiru ya kira shi ya ce, "Ta ce ta gani. Ka zo jibi Alhamis ka tahi da iyalinka."

Mai hankali da ya yi godiya ya tashi. Maccido ya ce Lokotoro ya fita rangadi, gobe babu majigi, me zai hana goben? Attahiru ya dube shi, ya ce gobe kasuwa ce, hanya cike take. Ya ce ai ya fi, ba za su yi kewa ba. Mutumin da ya jure wata biyar, kwana ɗaya ya gagare shi.

Da hantsi suka fito. Kayanta a babban masaki suke, ƙorai da tukwane biyu da garar da matar Attahiru ta haɗa mata, an ɗaure da igiya. Sai da mata biyu suka kama kafin ya hau kanta. Da jakuna suna nan da an ɗora musu, amma babu, namiji kuwa ba ya ɗaukar ƙoran mata ya ratsa gari. Ya saɓa sandarsa ya shige gaba. Bai ga fuskarta sosai ba, gefen ido kawai, amma zuciyarsa fari ƙal, har yana jin kamar ya yi gudu.

Tsakanin Konni da Illela ba nisa, wanda ya fita da hantsi zai isa rana ba ta take ba. Sai dai ranar duk Illela da ƙauyukanta sun yo Konni, su biyu ne kaɗai ke tafiya kudu, kowa yana fuskantarsu, kowa yana ganin wadda ke bayansa. Tun daga bakin gari aka fara.

"A'a, mai majigi, yau kai na da kanka?"

"An ba ka ita? To riƙe wuyanka."

Ya yi ta dariya yana amsawa. Ba ya bukatar juyawa, don yana jin ta. Ƙoran suna ɗan bugun juna a kowane taku, yana daidaita tafiyarsa da su, shi da bai taɓa rage sauri don kowa ba.

Sun wuce tarin duwatsun iyaka kaɗan sai bugun ya tsaya. Ya ji an dire abu mai nauyi a kan rairayi. Sannan ya ji gyaran murya.

Lubabatu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar yadda matan kirki ba sa faɗin sunan miji, kuma ba ta ɗaga murya a hanya. Shekara goma sha ɗaya, in tana son shi da magana, gyaran murya take yi, ya juyo. Ya san wannan muryar fiye da kiran sunansa. Wuyansa har ya fara karkata, sai ga Boyi taku goma a gabansa, da raguna da abokai uku, haƙora a waje.

"Ga gwani, ga hili," in ji Boyi. "Yau mu gani in bakinka da wuyanka gida guda sunka hito."

Maccido ya mayar da kai. Ya ce a ransa, bari su wuce. Boyi kuwa ba mai wucewa ba ne, ya kama hannunsa yana gaisuwa, ya gajiya, ya Lokotoro, yaushe za a koma kallo, yana yi yana leƙa bayan kafaɗarsa yana murmushi. Cikin gaisuwar ya sake jin gyaran muryar, ƙasa da ta farko. Ya zare hannunsa ya yi gaba, don ya ga in ya tsaya cik ma za a ce jira yake. Ya ce in ya kai gawon can zai tsaya kamar mai gyara takalmi. A gindin gawon wasu masu tabarmi ne ke hutawa, duk 'yan kallonsa, suka tarbe shi da shewa. Ya ce to a gaba. Ya ce ai gammo take gyarawa, yanzu za ta taso. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, don da idonsa ya ga mata biyu suna nishi kafin kayan nan su hau. Zufa ta jiƙa masa riga, ƙafafun nan nasa kuwa suna ta aikin da suka iya.

Sai da ya hango dangogin farko na Illela, hanya ta yi sarari, sannan ya juya. Babu komai sai bayan mutane can nesa, kowa da kaya a ka, duk sun doshi Konni.

Ya koma da gudu, sanda a hannu, mutum mai shekara kusan arba'in. Kusa da duwatsun ya ga zagayen gindin masaki a rairayi, da wurin da mutum ya zauna. Bai tsaya ba. Ana kiran azahar ya faɗa zauren Attahiru yana haki.

Attahiru bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya ce, "Tana ciki. Ni ba ni da ta cewa." Can ya ɗaga murya ya ce a gaya mata. Aka jima, sannan Maccido ya ga inuwarta ta tsaya bayan zanan da ya tare ƙofar cikin gida.

Ta ce, "Gammo na ya zame, nis sauke in gyara. Kayan ga mutum guda ba ya aza su, ka gani."

"Na gani."

"Wasu matan Tozai sunka ishe ni zamne, sunka aza min. Su Konni za su, sai nib bi su." Sannan ta ce, "Abu guda nika tambaya. Ka ji ni?"

Ƙofar yin ƙarya a buɗe take a gabansa, kuma ya gan ta. Ga raguna suna kuka, ga surutun Boyi, ga iska, ko wanne ya ɗauka ya isa uzuri. Attahiru ya dakatar da basilla ya zuba masa ido, Maccido ya gane cewa har shi ma so yake ya ce bai ji ba, a wuce wurin. Mutumin da ya yi wata biyar yana gyara labari don ya yi wa jama'a daɗi, yau bakinsa ya ƙi. Ya ji in ya yi mata wannan ƙaryar ta bi shi, kowace safiya sai ya sake yin ta.

Ya ce, "Na ji ki. Sau biyu."

"Ukku na," in ji ta.

Attahiru ya sunkuyar da kai ya ci gaba da huda fata.

Ta ce, "Wancan karon na ce ma raina nisa na, labari bai kai gare ka ba. Da shi nika lallashin kaina. Yau ko ina ganin ƙeyarka." Muryarta ba ta tashi ba. "Ba ni hushi. Ka ba Yaya abin da za ka ba shi, in san matsayina."

Ya buɗe baki zai ambaci Boyi, sai ya ji kunyar sunan ma, ya rufe. Inuwar ta bar bayan zana. Ya zauna a tsakiyar tabarma, bai san lokacin da ya zauna ba, yana jin baƙin ciki irin wanda babu wanda za a ɗora wa.

Can matar Attahiru ta fito da ƙwaryar fura ta ajiye a gabansa, ta ce an ce ya sha, ya yi gudu cikin rana. Kurɓar farko ya gane hannun. Citta ta yi yawa, yadda yake so, yadda babu mai sha a gidan nan. Ya tambaya yaushe aka kirɓa ta. Matar ta kau da kai, ta ce tun jiya, a cikin kayan take, Lubabatu ta ce in kun isa gida za ta dama muku.

Ya shanye tas. Ita ce furar hannunta ta ƙarshe da ya sha, ko da yake ya ƙara shekara talatin a duniya yana bin hanyar nan da jakuna, yana wucewa ta ƙofar gidan.